Zoben silikon na matsa hannu: yaushe ake fara shi bayan karayar wuyan hannu?

Abdou (mai kula da zaure): Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa a zauren nan, gara mu tattara ta wuri guda. Zoben silikon ɗin nan da ake sayarwa a shagunan kayan motsa jiki na Yamai, wanda ake sawa a tafin hannu ana matsawa, yana da amfani ga wanda ya karye a wuyan hannu aka cire masa filasta? In yana da shi, wace lamba zai saya, yaushe zai fara, sau nawa zai matsa? Lokotoro Moussa, Hajiya Rabi, Koci Sani, Alhaji Idi, bismillah.

Alhaji Idi: Wa alaikumus salam. Bari in fara da kayan, tunda shi ne ɓangarena. Zoben kamar ƙaramin gammo yake, faɗinsa wajen santimita 7. Lambar da ke jikinsa, 10, 20, 30, 40, 50 ko 60, ba kilo ba ce. In ka duba da kyau za ka ga haruffan lb a gefenta, wato fam na awon Amurka, kuma fam ɗaya giram 454 ne, bai kai rabin kilo ba. Ke nan mai 10 kilo 4 da rabi ne, mai 20 kilo 9, mai 30 kusan 14, mai 40 kilo 18, mai 60 kuwa kilo 27. Launi kada ya ruɗi kowa, kore na wannan kamfani ya yi laushi, kore na wancan ya yi tauri. Ita ma lambar wani lokaci ba ta cika ba. Mai son sanin gaskiyar nasa ya tsayar da zoben a kan sikelin awon nauyin mutum, ya danna shi da lafiyayyen hannu har cikinsa ya haɗe, sai ya karanta abin da sikeli ya nuna.

Koci Sani (Tawa): Ni dai ga abin da nike gani. Hannun da anka ɗaure sati shida, ranar da anka kwance shi ya rame, tsokar ta zube. In anka ce a ƙara jira, mi ake jira? A ba shi mai 10 tun ranar, shi riƙa matsawa sannu sannu. Hannu da aiki yake tashi.

Hajiya Rabi (kine, wato mai jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi): Koci, maganarka ta cewa hannu da aiki yake tashi gaskiya ce, amma aikin farko ba matsawa ba ne. Ranar da aka cire filasta, abin da ya fi damun hannu sandarewa ce da kumburi, rashin ƙarfi yana bayansu. Wanda yatsunsa ba su iya taɓa tafin hannu, in ka ba shi zobe zai riƙa matsa shi a ɗan tazarar da yake iyawa, ya saba da nan, sauran tazarar ta ƙara ƙagewa. Sati biyu zuwa huɗu na farko motsi ake nema ba tare da nauyi ba. Ga yadda ake yi, sau uku zuwa biyar a yini, kowane motsi sau 10:

Yatsu a miƙe. Sannan a lanƙwasa gaɓoɓi biyu na sama kawai, gindin yatsu na miƙe. Sannan a dunƙule gaba ɗaya. Sannan a lanƙwasa gindin yatsu da gaɓar tsakiya, kan yatsu na miƙe yana taɓa ƙasan tafi. Kowane ɗaya yana sa jijiyoyin da ke jan yatsu su zame a cikin kubensu, kada su manne. Bayan haka babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa. Sai wuyan hannu: a ɗora sangalin hannu a kan tebur, hannu na reto a baki, a ɗaga sama a sauke ƙasa. Na ƙarshe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a juya tafi ya kalli sama, a juya ya kalli ƙasa. Wannan juyawar zuwa sama ita ce ta fi wuyar dawowa, kuma ita mutum yake buƙata wajen karɓar canji ko ɗebo ruwan alwala.

Lokotoro Moussa: Ina bayan Hajiya, kuma ga dalilin daga ɓangaren ƙashi. Karayar da muka fi gani a nan ita ce ta ƙarshen babban ƙashin sangalin hannu, na gefen babban yatsa, santimita 2 zuwa 3 kafin gaɓa. Mutum ya faɗo daga babur ko ya zame a bayi ya dafa ƙasa da tafi. Abraham Colles, likitan fiɗa na Dublin, ya bayyana ta tun 1814. Filasta takan yi sati biyar zuwa shida. A lokacin ƙashin ya kama, amma sabon ƙashin da ya haɗa shi bai ƙosa ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, tsokar da ke dunƙule yatsu ba a tafin hannu take ba, a sangalin hannu take, jijiyoyinta ne suke ratsa wuyan hannu su kai ga yatsu. Duk sanda ka matsa zobe, tsokar nan tana jawo hannu ta danna shi a kan ƙashin da ya karye, kuma nauyin da ke sauka a wurin ya ninka abin da ka matsa sau biyu ko fiye. Zobe mai kilo 9 ba kilo 9 yake ɗora wa karayar ba. Shi ya sa muke cewa a yi radiyo, wato hoton ƙashi, tukuna, a ga ƙashi ya haɗe, sannan a fara matsa abu mai tauri, galibi tsakanin sati na 8 da na 12 in aka ƙirga daga ranar karaya. Wanda aka sa wa ƙarfe yakan fara motsi da wuri, amma shi ma matsawa sai wanda ya yi masa aiki ya ba da izini.

Koci Sani (Tawa): To na ji, Lokotoro. Amma tsakanin cire filasta da wanga sati na 8, ba abin da za a matsa ko kaɗan? Tsokar fa ba ta jira.

Hajiya Rabi (kine): Akwai, amma abin da ke lotsewa ba tare da gardama ba. Soson katifa a cikin roba ta ruwan ɗumi, a matse a saki. Ko ƙullin fulawa mai laushi. Ruwan ya zama wanda lafiyayyen hannu yake jin daɗinsa, wajen digiri 37 zuwa 40, minti 10. Mai ciwon suga ya gwada ruwan da gwiwar hannu, don yatsunsa ba lallai su ji zafi daidai ba. In hannun ya kumbura ya yi zafi, ko akwai ɗinkin da bai warke ba, a bar ruwan ɗumi, a ɗaga hannun sama da ƙirji ana buɗe yatsu ana rufewa.

Sharuɗɗana kafin zobe uku ne: likita ya ce ƙashi ya haɗe, kan yatsu suna taɓa tafi ba tare da an taimaka musu ba, kuma matsa soso sau 20 ba ya tayar da ciwo washegari.

Abdou (mai kula da zaure): Hajiya, a ce an cika sharuɗɗan. Yaya ake riƙe shi? Don na ga kowa da nasa salon.

Hajiya Rabi (kine): Nan ne ake yawan ɓata abin, ƙanena. A zauna, gwiwar hannu a lanƙwashe kusurwa 90 kusa da jiki, sangalin hannu a kan tebur ko cinya, babban yatsa na kallon sama. Wuyan hannu ya ɗan karkata baya, digiri 20 zuwa 30. Kowa ya gwada yanzu: lanƙwasa wuyan hannunka gaba ka dunƙule, sannan ka mayar da shi baya kaɗan ka dunƙule, za ka ji bambancin ƙarfi nan take. Mai raunin hannu yakan bar wuyan ya faɗa gaba yana matsawa, sai ƙarfin ya ragu, jijiyoyi kuma su riƙa gugar bakin ramin da suke bi.

Gefe ɗaya na zoben ya zauna a tudun tafi kusa da gindin babban yatsa, ɗaya gefen a kan gaɓar tsakiya ta yatsu huɗu. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi dole su kama, kada a bar su suna lilo, domin kaso mai yawa na ƙarfin riƙo daga gare su yake. A matsa cikin daƙiƙa 2, a riƙe daƙiƙa 3, a saki a hankali cikin daƙiƙa 3. Sakin ma aiki ne, kada a bar zoben ya fizge yatsu.

Adadi: zobe mai 10, sau 10, a huta minti ɗaya, a sake sau 10. Yau a yi, gobe a huta. Kowane sati a ƙara kaɗan har a kai sau 15 zagaye uku. In an yi sati guda ana cika wannan ba ciwo, ba kumburi, wuyan hannu bai faɗa gaba ba, sai a koma mai 20, a sake farawa daga sau 10 zagaye biyu. Ma'aunin ciwo kuwa, in ka raba shi gida 10, kada ya wuce 3 lokacin aiki, kuma ya kwanta kafin washegari. Kumburi a auna shi da tef ɗin tela a wuri ɗaya, da safe, kafin a fara. In ya ƙaru, a rage rabin adadin.

Malama Zeinabou: Abin da ya fi kawo matsala shi ne mutum ya sa zoben a aljihu, yana cikin taksi yana matsawa, yana hira a fada yana matsawa, kafin dare ya yi ɗaruruwa. Tsoka tana saurin sabawa, jijiya kuwa tana da jinkiri, sai mutum ya ji ƙarfi ya zo alhali jijiyar tana ƙorafi. Alamomin da ya kamata a tsaya a kansu: yatsa ya riƙa maƙalewa in an dunƙule, sai ya buɗe da ƙas, da ɗan kulu mai ciwo a gindinsa ta cikin tafi. Wannan kuben jijiya ne ya yi kauri, kuma masu ciwon suga sun fi kamuwa. Sai ciwo a gefen waje na gwiwar hannu, wanda ake ji in an ɗauki buta ko an gaisa. Mutane suna mamakin me ya haɗa gwiwar hannu da zobe. Tsokar da ke tsayar da wuyan hannu lokacin matsawa daga nan ta taso.

Koci Sani (Tawa): Wanga na gwiwar hannu ƴan kokowa sun san shi. Maganinsa shi ne a yi wa hannu aikin buɗewa kamar yadda anka yi mashi na rufewa. Robar ɗaure kuɗi guda biyu ko uku, a zagaya ta bisa yatsu biyar kusa da farce, a buɗe yatsu, a riƙe, a maido sannu. Sau 15 zagaye biyu, duk ranar da anka taɓa zobe. Kuma ga mai lafiya da ke neman ƙarfin kamu, zobe shi kaɗai ba ya kai shi. Yana koya ma hannu matsawa ne kawai. Riƙo mai daɗewa daban yake: a ɗauki jarka biyu a yi tafiya da su, ko a rataya tawul bisa ƙarfe a yi reto daƙiƙa 20 zuwa 30. Namiji mai lafiya yakan wuce mai 60 cikin ɗan lokaci, daga nan zoben ya zama na ɗumama hannu.

Hajiya Rabi (kine): Madalla, Koci. Kuma ga mai karaya, zobe ba ya ƙarfafa wuyan hannun kansa, yatsu yake ƙarfafawa. Wuyan hannu da nasa aikin: gorar ruwa ta rabin lita, rabin kilo ke nan, sangalin hannu a kan tebur, tafi na kallon ƙasa a ɗaga sau 10, tafi na kallon sama a ɗaga sau 10. In ta yi sauƙi a koma ta lita ɗaya da rabi. Don juyawa kuma a riƙe guduma a kusa da kanta, a juya dama a juya hagu, kowane sati a ɗan matsa hannu zuwa ƙarshen ƙota don nauyin ya ƙaru. Dafa ƙasa da tafi shi ne na ƙarshe. A fara da dafa bango a tsaye, sannan tebur, sannan ƙasa. Wajen sujada da tashi daga tabarma, a bar lafiyayyen hannu ya ɗauki nauyin jiki har a kai wannan matakin.

Lokotoro Moussa: Bari in ambaci waɗanda zoben ba nasu ba ne, don ana saya musu shi da kyakkyawar niyya.

Mai jin yatsunsa suna mutuwa da dare, babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu, har ya farka yana yarfa hannu. Jijiyar ji ce ta matsu a cikin ramin wuyan hannu, inda take bi tare da jijiyoyin jan yatsu guda tara. Matsa zobe yana ƙara cunkoso a ramin. Abin da yake buƙata takalmin hannu ne da zai tsayar da wuyan a miƙe da dare, kuma a duba shi.

Wanda ya faɗi, aka ce targaɗe ne, amma in ka danna ɗan lotsin da ke gindin babban yatsa ta baya sai ya zabura. A cikin ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu akwai wanda ake kira skafoyid, tsagewarsa ba ta cika fitowa a radiyon farko ba, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isarsa sosai, don haka yana da jinkirin haɗewa, shan taba kuma yana ƙara jinkirin. Mai wannan in ya kama matsa zobe yana iya hana ƙashin haɗewa gaba ɗaya.

Wanda aka ɗinke wa jijiyar yatsa bayan yankan wuƙa ko gilashi: ba zobe sai wajen sati 12, in ba haka ba ɗinkin ya tsinke.

Sannan duk wanda bayan karaya hannunsa yake ƙuna kamar an zuba barkono, fata na sheƙi, launi na sauyawa, ko taɓawar riga yana jin zafinta, ya dawo asibiti, ba na tilastawa ba ne. Haka wanda ya wayi gari babban yatsansa ya ƙi ɗagawa makonni bayan karaya, jijiyar da ke ɗaga shi ce mai yiwuwa ta tsinke.

Malama Zeinabou: Lokotoro, a ƙara da masu shanyewar ɓarin jiki. Dangi suna cusa musu zobe ko ƙwallo a hannu. In hannun ya riga ya dunƙule ya ƙage, matsalarsa buɗewa ce, tsokar rufewa ta riga ta fi ƙarfin ta buɗewa. Abin da ake so shi ne miƙar da yatsu a hankali da koya masa sakin abu.

Malam Harouna: Ranku ya daɗe, wata tambaya daga ɓangaren masu ɗorin gida. Akwai wanda bayan an kwance ɗori yatsunsa suka tankware, in ka miƙar da wuyan hannu sai su ƙara naɗewa. Zobe zai buɗe su?

Lokotoro Moussa: A'a, Malam. In haka ne, mai yiwuwa ɗaurin ya yi tsauri har jini ya kasa isa tsokar sangalin hannu, ta mutu ta zama tabo ta gajarce. Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana wannan a 1881. Sa'o'i kaɗan suka isa ɓarnar ta auku. Alamarta tun da wuri ita ce ciwon da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa in an miƙar da yatsu, da kumburi da mutuwar yatsu. Ko kara ne ko filasta, a sassauta nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Wanda abin ya riga ya same shi, likitan ƙashi ya kamata ya gani, a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko na Lamorde, ko asibitin jiha na Tawa, ko Galmi. Zobe sai dai ya ƙara naɗe yatsun.

Abdou (mai kula da zaure): Allah ya kiyaye. To yaya mutum zai san yana ci gaba, tunda ba kowa ke da na'urar awon riƙo ba?

Hajiya Rabi (kine): Na'urar da aka fi dogara da ita ana kiranta Jamar, tana ba da sakamako a kilo. Masana lafiyar tsofaffi na Turai sun ɗauki ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da 16 ga mace a matsayin raunin riƙo. Inda babu ita, abin awon hawan jini na hannu, mai famfo da agogo, yana aiki. A naɗe ƙyallen damtsen, a hura shi zuwa 20, mutum ya matsa iya ƙarfinsa, a karanta inda allura ta kai. Sau uku kowane hannu, a ɗauki matsakaici, zama iri ɗaya da naɗi iri ɗaya kowane lokaci. Ba kilo yake bayarwa ba, amma yana nuna tazarar da ke tsakanin hannun da ya karye da ɗan uwansa. A auna sau ɗaya a sati biyu, kuma ba a yin awon iya ƙarfi kafin likita ya ba da izinin nauyi. Ga mai amfani da dama, hannun dama yakan ɗara hagu da kusan kashi 10 cikin 100, a tuna da wannan wajen kwatantawa. Motsi yakan dawo cikin watanni uku na farko, ƙarfin riƙo kuwa yana iya ɗaukar shekara yana ƙaruwa.

Alhaji Idi: Wasu dattawa suna sayensa wai don hawan jini. Akwai ƙamshin gaskiya?

Lokotoro Moussa: Akwai, Alhaji, amma da ƙa'ida. Abin da aka gwada shi ne riƙo da kashi 30 cikin 100 na ƙarfin mutum, minti 2 ba saki, a huta, sau huɗu, kwana uku a sati, tsawon sati takwas ko fiye. Yana ɗan rage awon jini. Riƙo ne mai sauƙi, ba matsawa da iya ƙarfi ba. Haɗarin yana wajen riƙe numfashi: mai yunƙuri da baki rufe jininsa yana hawa a take. A riƙa numfashi, ko a ƙirga da baki a bayyane. Wanda awonsa bai daidaita ba ko yake da ciwon zuciya ya tambayi likitansa tukuna, kuma ba a barin magani saboda zobe. Ina ƙarawa da cewa mace da ta daina al'ada, ta karye a wuyan hannu daga faɗuwar tsaye kawai, a duba ƙarfin ƙashinta, don sau da yawa wannan karayar ce gargaɗin farko kafin ta ƙugu.

Malama Zeinabou: Alhaji, wasu zoben suna danƙo bayan wata biyu a zafin nan namu, wasu kuma suna yagewa. Me ke kawo haka?

Alhaji Idi: Mai danƙon ba silikon ba ne, Malama, wata roba ce mai araha da ake sayarwa da sunansa. Silikon na gaskiya yana jure zafin da ya kai digiri 200, zafin watan Afrilu ko na cikin mota ba ya narkar da shi, kuma ba ya warin taya. Rauninsa yagewa: in farce ko makulli ya ɗan tsaga shi, tsagar za ta yi ta ci har ya rabe, don haka kada a haɗa shi aljihu ɗaya da makullai, kuma kafin a saya a ja shi a duba layin da aka haɗa shi. Fetur da kananzir suna kumbura shi, masu gyaran babur su wanke hannu tukuna. Man shafawa da man kaɗe suna sa shi santsi, sai mutum ya ƙara matsewa don kada ya suɓuce, adadin da Hajiya ta tsara ya lalace. Ƙurar hunturu tana manne masa, ruwa da sabulu sun isa. Mai ƙaramin hannu kuma ya gwada kafin ya biya: in yatsunsa ba su kai sun zagaya zoben har gaɓar tsakiya ba, da kan yatsu kawai zai riƙa ja, ya nemi ƙarami. Ga mai jinya, ya sayi mai 10 da mai 20 na kamfani ɗaya, don tazarar da ke tsakaninsu ta zama ta gaskiya.